Ƙamus, Manhaja ko Malamin Lesin: Ina Za a Sa Kuɗin Koyon Kalmomin Turanci?

Tambayoyin da suka taru a wannan mako kusan duk kan abu guda suke: yadda mutum zai tara kalmomin Turanci, da abin da ya cancanci ya kashe wa kuɗinsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. 'Yata tana aji biyar na sakandare, baɗi za ta zana WAEC da JAMB. Malaminsu ya ce lallai kowa ya mallaki ƙamus. Na shiga kasuwar Terminus ta Jos na tarar da iri-iri: akwai ɗan ƙarami na aljihu, akwai babban Oxford mai tsada, akwai wani mai bango iri ɗaya da shi amma kuɗinsa bai kai rabi ba, ga kuma na Turanci zuwa Hausa. Kaina ya ɗaure, na dawo gida ban sayi komai ba. Wanne zan saya? Daga wata uwa a Gangare.

Amsa: Hajiya, gara da kika dawo da kuɗinki kika tambaya. Ki saya mata babban, wato Oxford Advanced Learner's Dictionary, ko kuma takwaransa Longman Dictionary of Contemporary English. Ga dalilina.

Ƙamusun Turanci kashi biyu ne. Akwai wanda aka rubuta domin Bature da ya tashi da harshen tun yana goye, akwai kuma wanda aka rubuta domin irinmu da muka tsinci Turanci a aji. Yawancin ƙananan na aljihu suna cikin kashin farko. Yarinya za ta nemi kalma mai wuya, a fassara mata da wata kalmar da ta fi ta wuya, ta je neman waccan, a sake mayar da ita kan ta farko. Daga nan sai ta rufe littafin, ta ce Turanci ba nata ba ne.

Shi wancan babban na Oxford, wani malami ne mai suna A. S. Hornby ya kafa tushensa. A Japan ya koyar da Turanci, ya ga irin wahalar da ɗalibansa suke sha, ya tsara musu ƙamus da ya fito a can a 1942, sannan kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya buga shi a 1948. Yanzu da kalmomi masu sauƙi kimanin 3,000 ake bayyana ma'anar duk abin da ke cikinsa. Na Longman kuwa, da ya fara fitowa a 1978, kimanin kalmomi 2,000 yake amfani da su. Kin ga yarinyar da ta kai aji biyar za ta iya karanta bayanin ta gane ba tare da an tsaya a kanta ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne misalai. A Hausa da kalma ɗaya muke cewa "ara mini" da "na ari". Shi ya sa za ki ji yaranmu a aji suna cewa "borrow me your biro", kuma a jarrabawa jan biro ake sa wa wannan. Ƙamus na masu koyo zai nuna mata a cikin jimla cewa mai karɓa shi ke "borrow from", mai bayarwa kuma shi ke "lend to". Zai sa mata alama cewa "advice" ba a yi mata jam'i, kuma "depend" da "on" take tafiya. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne WAEC take kama yara da su, haka ma JAMB a tambayoyinta na kalmar da ta fi kusa da ma'ana da kuma kishiyarta.

Shi kuwa mai rabin kuɗi, kusan tabbas na satar fasaha ne. Kafin ki biya kowanne, ki buɗe shi ta tsakiya. Ki ɗaga shafi guda ki haska shi: idan rubutun baya ya huda ya cakuɗe da na gaba, ki ajiye. Ki dubi ƙananan alamomin furuci da ke gaban kowace kalma, domin a na jabu sukan daskare su zama ɗigon tawada. Ki bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, don ana samun wanda harafi guda ya yi tsalle gaba ɗaya. Ki kuma danna ɗaurin, in gam ne kawai aka shafa, kafin ƙarshen zango zai fara zubar da shafuka.

Idan kuɗin sabo ya yi miki yawa, kada ki ji kunyar sayen na hannu. Bugu na 8 ya fito a 2010, na 9 a 2015, na 10 a 2020. Ga ɗalibar sakandare, tsohon bugu na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba.

Na Turanci zuwa Hausa yana da ranarsa, ban raina shi ba. Neil Skinner ya fitar da nasa a 1965, Roxana Ma Newman ta fitar da nata a 1990, kuma a 2020 Jami'ar Bayero ta buga wanda Paul Newman da ita Roxana suka haɗa, mai ɓangarori biyu. Aiki ne na ƙwarai, musamman wajen sunayen tsirrai, cututtuka da kayan aiki, inda kalma ɗaya ta Hausa ke gama magana. Amma ki bar shi ya zama na biyu, in Allah ya hore.

Wani zai ce miki ai duk wannan yana cikin waya kyauta. Gaskiya ne, shafukan Oxford da Cambridge na masu koyo kyauta ne a intanet, har da muryar da ke furta kalmar. Sai dai ni ga yarinya mai shirin jarrabawa na fi son na takarda, saboda babu saƙon ƙawa da zai faɗo mata a tsakiyar shafi.

Tambaya: Malam, ina shekarar farko a Jami'ar Jos. Na sayi wani littafi na manyan kalmomi dubu, ina haddace hamsin kullum, amma kafin mako ya zagayo sun gudu. Yanzu na ga wata manhaja da ake biya duk wata, an ce tana sa kalmomi su zauna. In biya? Daga wani ɗalibi a Unguwar Rogo.

Amsa: Ɗana, kada ka biya tukuna, kuma ka daina zargin ƙwaƙwalwarka. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace a kwanakin farko yake zubewa, kuma duk bitar da aka yi bayan an ɗan ba da tazara tana rage saurin zubewar. Kai da ka zauna a makarantar allo ka san wannan tun kafin ka ji sunansa: ba a wanke allo sai an biya, kuma tilawar baya ita ke riƙe hadda. Kai kuwa kullum sabon karatu kake ɗauka, ba ka waiwayar na jiya.

Abin da manhajar take sayar maka shi ne tsarin tilawar, kuma za ka iya yin sa da kwalin takalmi. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa dabarar a 1972. Ka raba kwalin gida uku. Ka yanka takarda mai kauri ƙanana-ƙanana. A gaba ka rubuta jimlar da ka tsinci kalmar a ciki, ka ja mata layi, misali "He was reluctant to sign the form". A baya ka rubuta ma'anar da bakinka, "yana jan ƙafa, ransa bai so ba", da kalmar da take rakiya, wato "to". Gidan farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ya kayar da kai ya koma gidan farko ko da ya kai na ƙarshe. In kuma waya ka fi so, akwai AnkiDroid, kyauta ce a Android, aikinta ke nan. Kalma goma a rana ta ishe ka.

Amma babbar damuwata littafin nan ne. Mu nan muna da son manyan kalmomi, wanda ya fi kowa jefa kalmar da ba a gane ba shi ake cewa ya iya Turanci. Wannan son yana cutar da ɗalibai. Kalmomin ba darajarsu ɗaya ba. A 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. A 2000 wata malama a ƙasar Niyu Zilan, Averil Coxhead, ta tace littattafan jami'a ta fitar da iyalan kalmomi (wato kalma tare da rassan da suka tsiro daga gare ta) 570 da ke maimaituwa a kowane fanni, irin su "assume", "derive", "significant" da "factor". Jerin nata yana intanet kyauta, sunansa Academic Word List. Waɗannan su ne kalmomin da ke cikin takardun da malamanka suke rabawa, su ne kuma ke cikin tambayoyin jarrabawarka. Wanda ya mallake su ya fi wanda ya haddace kalmomi dubu da ba zai gamu da su ba sai a bakin ɗan siyasa.

Sannan ka riƙa karatu. Binciken wani masani, Paul Nation, ya nuna mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Babu kwalin da zai ɗauki wannan, a cikin karatu ake tsintar yawancinsu. Kuɗin da za ka ba manhaja, ka sayi littattafan labari na hannu da su, ka zaɓi waɗanda a layi goma kalma biyu ko uku ne kawai baƙinka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Farin Gada, ina tura kabeji, karas da dankalin Turawa zuwa Legas da Fatakwal. Broka nake ji, da ita nake ciniki, amma in aka turo mini saƙon banki ko takarda sai na nemi mai karanta mini. Wani malami ya ce zai riƙa zuwa shago yana koya mini, in biya shi duk wata. Ya dace?

Amsa: Alhaji, ya dace ƙwarai, kuma ka fi kowa a cikin masu tambayar nan sanin abin da kake nema. Sharaɗi ɗaya zan ba ka. Kada ka yarda ya zo maka da littafin 'yan firamare. Ka tara masa rasit, takardun dakon kaya, saƙonnin banki da na abokan cinikinka, ka ce daga nan za a fara. Kalmomi irin su "deposit", "outstanding", "reversal", "debit" da "perishable" su ne kuɗinka yake bi ta cikinsu. Wanda bai bambance "debit" da "credit" ba, yaron shago ma zai iya cutarsa.

Ka biya shi na wata ɗaya kawai. In wata ya cika, ka ɗauki sabon saƙon banki ka karanta shi kai kaɗai a gabansa. In ka iya, ku ci gaba. In kuwa shi ke ta magana kana gyaɗa kai har watan ya ƙare, ka sallame shi cikin mutunci. Brokar da kake ji kuma jari ce, kalmomi da yawa ka riga ka san su da kunne, ganinsu a rubuce ne ya rage maka.

Tambaya: Malam, tunda Google Translate yana fassara zuwa Hausa, me zai sa in wahalar da kaina da ƙamus? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Bukuru.

Amsa: Malama, tun 2013 aka sa Hausa a cikinsa, kuma yana fitar da mutum kunya in ana sauri. Matsalarsa ita ce in kika ba shi kalma ita kaɗai, ma'ana guda zai miƙo miki a gaba, alhali kalmar tana iya samun biyar. A wurin aikinki "discharge" tana nufin sallamar majiyyaci, tana kuma nufin ruwan da ke fita daga ciwo. Ki riƙa ba shi jimla cikakkiya. Duk abin da ya shafi magani ko umarnin likita kuwa, ki tabbatar da shi a ƙamus na masu koyo ko wajen na gaba da ke kafin ki yi aiki da shi.