Tambaya da Amsa: Oba-obar ƙungiyarmu ta yi shiru, mu gyara ta ko mu sayi manhaja?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar direbobin taksi a Kumasi, ofishinmu yana tsakanin Aboabo da Asawase. Iyayenmu ne suka kafa ta a kan tsarin kira: fasinja ya bugo waya ofis, bukman, wato mai rabon aiki a ofis, ya yi shela ta oba-oba, direban da ya fi kusa ya je ya ɗauka. Yanzu wayar sai ta wuni shiru. Yaranmu sun koma manhajojin kiran mota irin su Bolt da Yango, gajerun hanyoyi kuma firagiya, wato keke mai ƙafa uku, ta kwashe. Na'urar kan rufin ofis ta lalace tun damina, kuma an ce mana takardar izinin oba-obar ta daɗe da mutuwa. Ga wani yaro da ya gama Tek, wato jami'ar KNUST, ya ce zai haɗa mana manhaja irin ta manyan kamfanoni, amma kuɗin da ya yanka zai cinye asusunmu na jinya da jana'iza. Dattawa sun ce a gyara oba-oba, matasa sun ce a sayi manhaja, taro biyu ana tashi baram-baram. Ina mafita?

Daga wani sakatare, Kumasi.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare, sannu da ɗawainiyar jama'a. Kafin komai, kuɗin jinya da jana'iza kada ku taɓa shi. Wannan asusun ne ya sa direba yake biyan kuɗin wata ko da kasuwa ta yi sanyi, don ya san ranar da ya kwanta a asibitin Komfo Anokye akwai masu zuwa da ambulan ɗin kuɗi a hannu. Idan kuka zuba shi a manhaja ta ƙi ci, ba za ku sake tara mutanen nan a ɗaki ɗaya ba.

Kuma ina ganin ba za ta ci ba, ko da yaron gwani ne. Uber ta shigo Ankara a 2016, ta iso Kumasi a shekarar da ta biyo. Taxify ta zo a 2017, ta koma Bolt a 2019, shekarar da Yango ma ta sauka. Abin da ya kafa su shi ne yawan motoci da ragin kuɗin da suka daɗe suna yi wa fasinja daga aljihunsu. Hajiya ta buɗe waya a Tafo ta ga mota a bakin layinta. Ta buɗe taku ta ga motar da ta fi kusa tana Sofoline cikin cunkoso, gobe za ta goge ta. Bayan haka akwai kuɗin taswira da na ma'ajiyar intanet kowane wata, ga gyara duk lokacin da wayoyi suka sauya tsari. Yaron nan in ya samu aiki a Ankara, wa za ku kira da ƙarfe biyun dare manhaja ta tsaya?

Dattawan ma ban goyi bayansu gaba ɗaya ba, da girmamawa nake faɗa. Oba-oba tana son na'urar rufi mai ƙarfi saboda tudu da kwarin Kumasi, tana son makaniken da ya san ta, kuma tana son izini. Zangon rediyon da oba-obarku ke bi mallakin ƙasa ne, hukumar sadarwa ta NCA ce ke ba da shi a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2008, mai lamba 775, kuma amfani da shi ba izini laifi ne. Kada ku yi shiru ku ce ai na'urar ta mutu. Ku ɗauki tsohuwar takardar ku je ofishinsu na Kumasi, ku tambayi abin da ake binku, sannan ku rubuta musu cewa kun mayar da zangon in kun yanke shawarar bari. Bashin hukuma ba ya ruɓewa don an manta da shi a aljihun tebur.

Aikin da oba-oba take yi, waya tana yinsa yau da ɗan kuɗin data. Akwai manhajoji irin su Zello da ake danna wuri ɗaya a yi magana kowa ya ji, daidai yadda dattawa suka saba, sai dai ta intanet take bi. Sharaɗi ɗaya: dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta hana direba riƙe waya ko wata na'urar magana a hannu yana tuƙi. Don haka kowace mota a ɗaura mata mariƙin waya a gaba, kuma wanda zai karɓi aiki ya gangara gefe. Ƙungiya ta saya ta raba, a cire a kuɗin wata.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Wa ke kiranku har yau? Na tabbata ba ɗalibin Tek ba ne. Hajiyar da ke son mota da asuba ta kai mata kaya Kejetia ce. Magidancin da yake son mutum ɗaya sananne ya riƙa kai masa yara makaranta ya dawo da su ne. Mai naƙuda cikin dare ce, da gidan da ke da biki ranar Lahadi ana son motoci biyar a jere, da tsohon da bai iya karanta Turancin waya ba amma zai aiko saƙon murya da Hausa ko Tonanci ya ce "ku turo mini yaron nan na gidan Liman, ina bayan masallaci". Ba manhajar da ta san bayan masallaci, bukman ɗinku ya sani. Waɗannan mutane amana suke saya, kuma ba su cika jayayya a kan sidi biyu ba. Ku bi su gida-gida ku ƙulla yarjejeniyar wata: yaran makaranta kaza, kaza a wata, a biya a farko. Aikin da aka san da shi tun daren jiya ya fi yawon neman dirofin, wato fasinjan shata, da ƙona mai.

Sai dai amanar nan tana da maƙiyi a cikin gida, kuma shi ne son kai wajen rabon aiki. Na ga ƙungiyoyin da abin da ya watsa su ke nan: aikin filin jirgi kullum sai ya faɗa hannun ƙanin bukman. A zamanin oba-oba kowa yana jin shela, ba a iya ɓoyewa sosai. In kuka koma waya, ɓoyewa ta yi sauƙi. To ku buɗe zaure ɗaya na WhatsApp na direbobi, duk kiran da ya shigo a saka shi nan da lokacinsa da sunan wanda aka ba. A bi layi, sai in fasinja ya nemi mutum da suna. A rubuta kuɗin manyan hanyoyi a liƙa a ofis, a tura wa fasinja kafin mota ta tashi, don abin da ya ja mutane ga manhaja har da sanin kuɗi tun kafin a shiga. Ku buɗe lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta kasuwanci da sunan ƙungiya. Harajin tura kuɗi da aka fara a 2022 an soke shi a Afrilun 2025, saboda haka wannan uzurin ya kau.

Batun takardu kuwa, ku zauna rana guda ku baje su a tabarma. Shin rajistarku a Sashen Ƙungiyoyin Gama-kai tana raye, ana duba littattafanku kamar yadda dokar 1968 ta tanada? In babu ita, banki ba zai ba ku rance da sunan ƙungiya ba, makaranta ko asibiti ma ba za su sa hannu da ku ba. Kowace mota ta zama da lambar haya ta hukumar rajistar motoci, DVLA, da takardar lafiyar mota, da shaidar biyan harajin wata uku-uku na hukumar haraji, GRA, da inshorar haya. Wannan ta ƙarshe ku tsananta: motar da ke da inshorar gida tana ɗaukar fasinja, ranar hatsari kamfani yana iya zamewa. Ana duba sahihancin inshora a waya ta *920*57#. Ku kuma tuna Aboabo da Asawase suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong tun 2012, Tafo da Suame da Oforikrom kuma sun samu nasu majalisun a 2018. Ku tambaya a rubuce ina sitikarku ta majalisa ta tsaya, kada direba ya sani a hannun masu kama mota. Tunda kuma za ku tara sunaye da lambobi da gidajen mutane, har da inda yara ke karatu, dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta hau kanku. Ku yi rajista da hukumarta, kuma kada lambar matar aure ta fita daga ofis zuwa wayar kowane direba.

Na san ƙorafin da ke cin dattawa: ku kun fenta gefen mota, kun biya wannan kun biya wancan, wani ya fito da farar lamba ta motar gida yana aiki iri ɗaya. Ƙorafin gaskiya ne, kuma wurin kai shi manyan ƙungiyoyin sufuri ne irin GPRTU da PROTOA, waɗanda ke zama da Ma'aikatar Sufuri. Tare hanya ko cin mutuncin direban manhaja ba zai ƙara muku fasinja ɗaya ba, balle da yawansu 'ya'yanku ne. Kada ku kori yaron da ya koma can. Ya ci gaba da biyan kuɗin wata, ya ɗauki aikin dare ko na asuba idan layinsa ya zo, asusun jinya ya rufe shi kamar kowa.

Yaron Tek ɗin ma kada ku sallame shi hannu rabbana. Ku ba shi aikin da ya dace da aljihunku: ya shirya lambar WhatsApp ta kasuwanci, ya zuba sunayen abokan ciniki a kwamfuta, ya zauna da dattawa ɗaya bayan ɗaya har hannunsu ya faɗa da sabon tsarin. A biya shi daga kuɗin shiga, a yi takarda cewa duk abin da ya haɗa na ƙungiya ne, lambobin sirri kuma suna hannun shugaba da ma'aji.

Kafin taro na gaba, Malam Sakatare, ka binciki abu ɗaya da kanka. Lambar ofis ɗin nan da mutane suka haddace, da aka yi rajistar layuka da Ghana Card, da katin wa aka ɗaura ta? In da na bukman ne ko na wani dattijo, a wurin kamfanin waya layinsa ne, ranar da ya yi fushi ko ya rasu zai tafi da abokan cinikinku duka. Ku ɗauki takardar rajistar ƙungiya ku je a mayar da layin sunanta a wannan makon. Allah ya ba da sa'a, a gaida Alhaji shugaba da sauran dattawa.