Ofis na kan SVN, mu muna aiki da Git: yaya za a haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Aboabo, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Adum. Tun kafin a ɗauke ni kod ɗinmu yake kan sabar Subversion (SVN, manhajar ajiye tarihin kod) da ke ofis, kuma oga ya ce ba mai taɓa ta. Mu uku mun fi sabawa da Git, wata manhajar da ke irin wannan aikin, ga shi in an ɗauke wuta a ofis ko intanet ta tsinke ba ma iya ajiye komai a SVN. Yanzu muna aiki a Git, ranar Juma'a mu kwafe fayilolin mu zuba a kan na SVN. Sau biyu ke nan aikin wani yana ɓacewa. Akwai hanyar da za su riƙa tafiya tare?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Hanya akwai, amma ku fara daina kwafen ranar Juma'ar nan, domin shi ne yake cinye muku aiki. Ka ɗauki fayil ranar Litinin, abokin aikinka ya gyara shi a SVN ranar Laraba, kai kuma ranar Juma'a ka yi `svn update` sannan ka zuba naka a kai. A idon SVN ba a yi karo ba. Abin da ta gani kawai shi ne mutum yana riƙe da sabon fayil ya goge wasu layuka da gangan. Sai ta karɓa ba gardama, gyaran Laraba ya tafi.

Tsarin biyu ba su ɗauki tarihi iri ɗaya ba. Subversion, wadda CollabNet ya fara a 2000, sabar ce take ba kowane ajiya lamba a jere: r1520, r1521, haka har gaba. Git kuwa, da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, kowace kwamfuta tana da cikakken tarihi, sunan kowane kwamit (wato ajiya ɗaya a Git) kuma haruffa da lambobi 40 ne da aka lissafo daga abin da ke cikinsa, da wanda ya gabace shi, da marubuci da lokaci. Tarihin Git yana rabuwa ya sake haɗewa yadda ya ga dama, lambobin SVN kuwa a jere suke tafiya. Shi ya sa dole ɗaya ya zama uban gida, kuma tunda oga ya yanke hukunci, SVN ce. Kamar littafin mai karɓar susu (adashi) ne: kowa na iya riƙe katinsa, amma abin da ya shiga babban littafi shi ne lissafi.

Kayan aikin da kuke bukata sunansa `git svn`. Kowannenku ya yi `git svn clone -s` da adireshin sabar, in dai ma'ajiyarku tana da jakunkunan trunk (babban layin aiki), branches (rassa) da tags (alamomi) yadda aka saba. Ku yi shi a ofis, a kan hanyar sadarwar cikin ofis, saboda yana jawo ajiya ɗaya bayan ɗaya ne, yana cin lokaci sosai. In tarihin ya yi tsawo, ku yanke shi da misalin `-r 1400:HEAD`, wato daga ajiya ta 1400 zuwa ta ƙarshe. In wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, ba sai an koma farko ba, `git svn fetch` zai ɗora daga inda ya tsaya. Ku kuma shirya fayil na sunaye ku ba shi da `--authors-file`, domin SVN sunan shiga kawai ta sani, Git kuma yana son cikakken suna da imel.

Daga nan aikin yau da kullum umarni biyu ne. `git svn rebase` yana kawo abin da ya shiga sabar ya ɗora naka a samansa, kuma a nan ne karon da kwafe yake ɓoyewa zai fito fili ka warware shi. `git svn dcommit` kuma yana tura kwamit ɗinka ɗaya-ɗaya, kowanne ya samu lambarsa ta SVN. Tsakanin waɗannan biyun kana iya zama a gida Aboabo ba intanet ka yi kwamit goma.

Ga wurin da nake so ka tsaya ka karanta sau biyu. Bayan `dcommit`, Git yana sake rubuta kwamit ɗin da aka tura, ya liƙa masa layin `git-svn-id` a ƙasan bayaninsa. Tunda bayani ya sauya, sunan nan mai haruffa 40 ma ya sauya. To da a ce ka riga ka tura tsohon zuwa GitHub, shafin ajiye ma'ajiyoyin Git a intanet, abokinka ya ja ya gina a kai, yanzu aiki ɗaya yana da suna biyu. Ranar da shi ma zai tura, sai ku tarar da kwamit sun maimaitu, kuna warware karo a kan layin da ba wanda ya taɓa. Saboda haka shawarata ita ce kada ku riƙa ja daga juna ta Git. Duk abin da za ka ba ɗan'uwanka, ya bi ta SVN, ko a trunk ko a wani reshe na SVN da kuka buɗe don aikin. Na san wannan yana rage daɗin Git, amma ya fi asarar aikin mako.

Haka nan `git merge`, umarnin haɗe rassa: shi ma a yi hattara da shi. Yi rassa a kwamfutarka yadda kake so, sai dai kafin ka tura, miƙe su da `git rebase` ko ka dunƙule su da `git merge --squash`. Duba abin da zai tafi da `git svn dcommit --dry-run` kafin ka saki. Ka sani kuma SVN za ta rubuta sunan wanda ya tura da lokacin da ya tura, ba ranar da aka yi aikin ba.

Akwai abubuwan da ba sa tsallakawa da kansu. Git ba ya ajiye jakar da ba komai a cikinta. Jerin `svn:ignore` sai ka fito da shi da `git svn show-ignore`. `svn:externals`, wato jakunkunan da SVN take jawowa daga wani wuri, ba ya biyowa, kulle fayil da `svn lock` ma Git bai san da shi ba, don haka in kuna da hotuna ko takardun da ake kullewa, ku bar su a hannun SVN.

In kun girma har kuna bukatar ma'ajiyar Git ta kowa da kowa, akwai manhajar SubGit, wadda take zama a sabar ta fassara kowane ajiya ta ɓangarorin biyu, amma wannan sai da izinin oga. Kada ku dogara da tsohuwar gadar SVN ta GitHub, wadda a da take bari a yi aiki da ma'ajiyar GitHub ta hanyar SVN, an rufe ta tun Janairun 2024. Oga kuma yana da hujja: SVN tana iya hana mutum ganin wata jaka ta bar masa wata, abin da Git shi kaɗai ba ya yi.

Aikin da ke hannunku yanzu fa? Ku nemi mai kula da sabar ya yi `svnadmin dump`, wato ya fitar da kwafin dukan ma'ajiyar, ya ajiye a wani faifai daban. Sannan a sabon kwafen da `git svn clone` ya ba ku, ku gano lambar ajiyar da kuka ɗauko fayilolinku daga gare ta, in r1520 ce misali, `git svn find-rev r1520` zai ba ku kwamit ɗin da ya yi daidai da ita. Ku buɗe reshe a kansa, ku zuba fayilolinku, ku yi kwamit, sannan `git svn rebase`. Mutum ɗaya ya gama ya tura kafin na biyu ya fara.