Ƙarfen ƙugu ya saki tun shekara ba ta zagayo ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana mai sikila ne, shekarunsa 36, kuma wata goma ke nan da aka sa masa gaɓar ƙugu ta ƙarfe. Yanzu da zarar ya miƙe sai cinya ta ɗauki ciwo, likita ya ce mai yiwuwa ƙarfen ya saki. Me ke jawo haka da wuri? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba maigida lafiya. Dokta John Charnley na Ingila ne ya daidaita wannan aiki a 1962, a yau kuma hanya biyu ake kafa ƙarfen: ko a liƙa shi da simintin ƙashi, ko a cusa shi tsam a bar ƙashi ya tsiro ya kama shi, abin da kan ɗauki mako 6 zuwa 12. Idan a wannan tsakanin ƙarfen yana motsi, ko don bai zauna daidai ba tun a ɗakin tiyata, ko don an ɗora masa nauyi fiye da yadda likita ya yarda, sai wata tsoka mai laushi ta cike gurbin ƙashi, riƙon ya zama na wucin gadi. Shan taba, ciwon suga da ƙiba duk suna ƙara haɗarin.

Sai dai a wurin mai sikila akwai ƙarin magana, domin ciwon yakan toshe ramin ɓargo a wani wuri, ya raunana ƙashi a wani, sannan jikinsa ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. A ganina, duk ƙarfen da ya saki cikin shekarar farko, ƙwayar cuta ce abin zargi na farko har sai gwaji ya wanke ta, ko da kuwa babu zazzaɓi ko ruwa a bakin ɗinki, don wasu ƙwayoyin a ɓoye suke zama a jikin ƙarfe.

Saboda haka ku koma wurin likitan ƙashi da dukkan hotunan da aka ɗauka tun ranar aiki, domin a jera su a kwatanta. Za a gwada jini (ESR da CRP, gwaje-gwajen da ke nuna alamar kumburi ko ƙwayar cuta a jiki), wataƙila kuma a zuƙo ruwan gaɓar da allura. Kafin nan kada ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, saboda yakan ɓoye ƙwayar, sai gwajin ya fito babu komai, kuma wannan ba karaya ba ce balle a kai shi wurin maɗori. Ya riƙa dogara sanda, ya yi sallah a kan kujera har a gan shi.