Ganyen ɓaure ba shaidar saiwa ba ne

Ranar Laraba da yamma, muna wanke ƙafa a bakin rijiyar lambu, yarona ya ce mini: "Maigida, sandunan ɓauren nan talatin da na dasa cikin leda, kwana 12 kacal duka suka yi ganye shar. Safe da yamma ina ba su ruwa, ban taɓa fashi ba. Yau saura huɗu. Na tuge ɗaya, na ga gindin ya yi baƙi har yana wari. Ko dai irin ne ba shi da kyau?" Ga abin da na gaya masa.

Ɗana, irin ba shi da laifi. Daga uwa ɗaya muka yanko naka da nawa, ga nawa can ƙarƙashin rumfa suna raye. Ganyen nan da ka gani ne ya yaudare ka, ruwan da ka yi ta ɗura musu kuma shi ya ƙarasa su.

Sandan ɓaure in ka yanko shi, da guzurinsa yake zuwa. Abincin da uwar ta tara a cikin icen shi ne yake turo ganyen farko, alhali ƙasa babu ko zaren saiwa ɗaya. Kai ka ga ganye ka ce ya kama, sai ka ƙara ruwa. To da wane baki zai sha? Ruwan ya kwanta a gindin leda, iska ta daina shiga ƙasar, wurin yankan ya jiƙe ya ruɓe. Daga sama kuma ganyen yana ta fitar da ɗan ruwan da ke jikin sandan. Ka ga an ci shi ta sama an ci shi ta ƙasa. Saiwa takan ɗauki sati 3 zuwa 6 kafin ta fito, wani lokacin fiye da haka in ana sanyi sosai. A tsakanin nan aikinka ɗaya ne: ƙasa ta kasance da danshi kamar tsumman da aka matse. Ka tura yatsa har gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi, ajiye butar ka tafi wani aiki.

Na san inda ka ɗauko wannan hali. Kana ganin yadda ake sare reshen cediya ko durumi kamar cinyar mutum, a kafa a ƙofar gida da damina, a manta da shi, ya zama inuwa. Gaskiya ne dangi ɗaya suke da gamji da ɓauren dajinmu na bakin gulbi. Amma wannan da muke dasawa shi ne tin ɗin da Allah ya yi rantsuwa da shi a sura ta 95, icen ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa, sai irin su Masar da Maroko da Aljeriya. Ya saba da ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ƙishirwa yana jure ta, laka ce ba ya so.

Na duba ledojinka ma. Laka ka ɗebo daga fadama, ka gauraya da kashin awaki ɗanye, ramuka biyu kawai ka huda. Lakar gulbin Maradi tana da kyau ga tumatir da zogale, ban musa ba, amma cikin leda dunƙulewa take kamar tubali. Ni kashi biyu na rairayi mai tsabta nake sawa, kashi ɗaya na takin da ya shekara har ya zama baƙi, ba ya wari ba ya zafi. Ramuka shida ko takwas, wasu a gindi wasu a gefe. Kuma kada ka kuskura ka ɗebo ƙasa daga fangalin da aka yi tumatir ko kuɓewa. Ka tuna saiwar tumatir ɗin da na nuna maka bara, mai ƙulle-ƙulle kamar carbi? Wata tsutsa ce da ido ba ya gani take yin haka, kuma ɓaure na cikin itatuwan da ta fi addaba, musamman a ƙasa mai rairayi irin tamu. Amfanin dasa shi cikin mazubi ke nan: kai ke zaɓar ƙasar da zai ci. Don haka ma nake ɗora mazuban kan bulo, kada saiwa ta leƙo ta rami ta shiga ƙasar lambu. Gara ma takan sha wuya kafin ta hau.

Yanzu yankan kansa. Reshen bara za ka nema, wanda ya yi launin toka-toka, kaurinsa kamar fensir ko ɗan yatsanka. Ɗanyen toho kore ba shi da guzuri, tsohon icce kuma ya cika nauyin jiki. Tsawo kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 25, da ido uku ko huɗu. Ƙasa ka yanke shi a miƙe, dab da ƙarƙashin gaɓa, don nan ne saiwa ta fi fitowa. Sama ka yanke a karkace. Ba ado ba ne. Shekarar da na fara, maigidana ya ba ni dami guda ya tafi Tibiri ta'aziyya. Na yanke duka kai da gindi iri ɗaya, na dasa kusan rabi kai ƙasa. Da ya dawo bai ce mini kome ba, sai da aka yi wata ya kira ni ya zaro ɗaya ya nuna mini idon yana kallon ƙasa. Har yau in na ɗauki almakashi sai na tuna.

Ganyen da ke jikin sandan ka cire shi duka. Kashi biyu cikin uku ka binne, ido ɗaya ko biyu kawai su rage a sama. Ka fara huda rami da tsinke, kada ka soka sandan da ƙarfi ka ɗaye masa ɓawo. Farin ruwan nan mai kama da nono da yake fitarwa, ka kiyaye shi. In ya taɓa fata rana ta buga, ƙuna yake yi har da bororo. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ido.

Da ka tuge ɗaya don ka duba, na gane zuciyarka, amma kada ka sake. Saiwar farko fara ce, taushi gare ta kamar zaren kaɗa, ko girgiza ledar ka yi sai ta tsinke. In ba ka iya haƙuri, ga dabara: ka samu gorar ruwa ta roba mai haske, ka yanke wuyanta, ka huda gindi, ka dasa ciki, ka naɗe ta da tsohon buhu. Duk sati ka ɗaga buhun ka leƙa. Ranar da ka ga fararen zare sun manne a jikin robar suna bin ta ƙasa, ranar ce ya kama. Daga nan kana iya ƙara ruwa kaɗan-kaɗan.

Lokaci ma ka yi kuskurensa, ko da yake wannan laifina ne da ban hana ka ba. Ka dasa a bakin bazara. A Afrilu da Mayu zafin Maradi yana wuce digiri 40, baƙar leda a rana kuwa tukunya ce, dafa saiwa take. Ni lokacin da na fi so shi ne Disamba zuwa Janairu, sanda uwar ta zubar da ganye tana hutu, guzurinta duk yana cikin icce. Abin tsoro a lokacin iskar hunturu ce mai busar da kan sanda, sai a kare su da zana ta gabas da arewa, a kifa musu farar leda sama-sama ƙarƙashin inuwa. Farkon damina ma ana yi, sai dai a rumfar da ruwan sama ba ya zuba.

In ya yi wata biyu ko uku, saiwa ta riƙe ƙasar, sai ka tsaga ledar da reza ka ɗauke shi da ƙasarsa ka mai da shi bido mai lita 20 ko 25 da aka yanke wa kai. Rana kuma a hankali za ka saba masa da ita, ta safe tukuna. Da ya kai gwiwa ka tsinke kan don ya yi rassa, domin ɗiyan a hammatar ganyen sabon reshe suke fitowa. Zai yiwu ya nuna maka ƴan ɗiya tun yana ƙarami. Ka cire su, ko da ranka bai so, ƙarfin ya koma saiwa.

Sai batun da ka taɓa yi mini na shuka ƙwayar busasshen tin da alhazai ke kawowa tsaraba. Bar wannan. Abin da zai fito daga ƙwaya ba lalle ya yi kama da uwarsa ba. Kuma akwai irin da ɗiyansa ba sa nuna sai wani ɗan ƙwaro ya shiga ya yi musu barbara, kamar ƙwarin da kake tararwa in ka ɓare ɓauren daji, sai dai kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron, na dajinmu ba ya yi wa tin aiki. Shi ya sa ba na yankan sanda sai daga icen da na ga ya nuna a garin nan, na kuma ɗanɗana da bakina.

Huɗun nan da suka rage, kada ka ba su ruwa gobe ko jibi. Ka ƙara musu ramuka da ƙusa, ka cire manyan ganyen ka bar ɗaya-ɗaya, ka kai su bayan rijiya inda inuwar dogon yaro take wuni. Sauran ledojin ka zazzage ƙasar can nesa da gandun dashe, kada ka sake amfani da ita. Sanyi na shigowa za mu yanki wasu talatin, kai za ka riƙe almakashin.