Amsa ga ɗan'uwanmu mai CC da ake son yi wa rimaf

Wa'alaikumus salam, Malam. Wallahi ina karanta tambayarka gabana yana faɗuwa, domin maganar da aka gaya maka ita aka gaya min, ko harafi ba a canza ba. Ka ce kana da Passat CC mai inji 2.0 da tarbo, atomatik, 'yar Amurka, wani ya ce zai sa laftof ya taɓa mata biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta ƙara ƙarfi ta kuma rage shan mai, abin da ake kira rimaf, kana son sanin ko giya za ta ɗauka. Irin motarka ce da ni, tawa ƙirar 2010 ce. Don girman Allah ka saurare ni kafin ka miƙa wa kowa makulli.

Maganar rage shan mai ka ajiye ta gefe tun yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa da wannan ake kama shi. Ƙarfin da ake ƙara wa mota mai tarbo daga ƙarin iska ne da ƙarin fetur, kuma duk wanda aka ƙara wa ƙarfi sai ya taka.

Nawa mutumin daga Abuja ya zo, ya sauka a wani gareji wajen Kwangila a nan Zariya, ana ta kai masa motoci. Yaro ne mai tsafta, bakinsa da zaƙi, Alhaji kaza Alhaji kaza. Ya nuna min bidiyon motocin da ya ce shi ya yi. Na tambaye shi ƙarara, man da muke sha a Zariya zai yi? Ya juyo da laftof ɗin ya nuna min sunan fayil ɗin da zai ɗora wa biren bos, ga 91 a rubuce, wato lambar ingancin fetur ɗin da fayil ɗin ke buƙata, ya ce ai namu ma 91 ne. To nan ƙaryar take, kuma har gobe ban yarda cewa bai sani ba. Lambar da ke jikin famfon gidan mai a Amurka ba ma'auninmu ba ce. Tasu 91 ta kai kusan 95 a ma'aunin RON da muke amfani da shi, namu 91 kuwa a wurinsu kusan 87 ne, wato man da ya fi kowanne araha. Su suna da zaɓi uku a famfo ɗaya, mu abin da tanka ta sauke shi ke nan, ballantana ranar da ta kama ka ka saya a hannun 'yan bumburutu. Motar ma yadda ta fito daga kamfani mai mai kyau take so, tana dai haƙuri da namu ne saboda biren bos yana ja da lokacin tartsatsin fulogi baya in ya ji inji na ƙwanƙwasa. Shi kuwa ya ɗora mata fayil da ke neman man da babu shi a garin nan.

Bai gwada kwamfireshan ba, bai leƙa fulogi ba, bai tambaye ni yaushe aka canza man giya ba. Ya karɓi kuɗinsa, muka zaga ta Dogarawa muka dawo, mota tana tashi sama, kowa yana tafi.

Abin ya same ni ne a watan Afrilu, tsakar rana, irin zafin da ke kai 40. An yi mana rasuwa a Kano, na ɗauki Hajiyarmu da maiɗakina da ƙaramin yaronmu. Esi a kunne, but cike da kaya. Mun wuce Tashar Yari, wurin da aka haɗe hanya hannu ɗaya saboda aikin titi, na fita zan wuce wata tirela. Ina taka totur na ga allurar juyin inji ta haura sama amma mota ba ta tafiya daidai da kukan. Kafin in gane me ke faruwa na ji wata ƙara daga gaba kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wutar gargaɗi ta EPC ta kama a dashbod, inji ya fara rawa, ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya. Ga tirela a damana, ga wata bas ta taho tana ba ni wuta. Hajiya ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi, ta kama kan yaron ta danna a cinyarta. Allah ya saka wa direban tirelar nan da alheri duk inda yake, shi ya take birki ya ba ni wuri na faɗa gabansa na gangara gefe. Da na fito ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, sai da na dafa bonet, ga hayaƙi shuɗi-shuɗi yana fita ta salansa. Wata mai fura ce ta ba Hajiya benci a ƙarƙashin darbejiya. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta fito gaisuwar mutuwar ƙaninta, tana zaune bakin titi tana ce min in bar damuwa, tunda rai ya tsira. Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai. A motar haya na sa su suka ƙarasa, ni na zauna jiran janwe har bayan la'asar.

Ina zaune a nan ina kiran mutumin, wayar tana shiga ba ya ɗauka. Da ya ga dama ya amsa, abin da ya ce min shi ne man Zariya ne ba kyau, shi aikinsa lafiya lau. Na ce to ba kai ka ce zai yi ba? Na ce ya turo min asalin fayil ɗin motata in mayar, ya ce zai duba. Ashe bai ma ajiye ba. Daga baya ya toshe lambata. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma na san har yanzu yana yawo da laftof ɗinsa.

Da bakanikena ya sauke inji, ya ɗora min fistin ɗaya a tafin hannu. Gefensa tsakanin ringi da ringi ya ɓalle, samansa duk ya yi tsaga-tsaga. Ya ce wannan aikin ƙwanƙwasa ne, mai yana fashewa kafin lokacinsa. Neman kaya ya kai mu har Ƙofar Ruwa a Kano.

Yanzu giyar da ka tambaya. In taka ƙirar 2010 ce zuwa sama kamar tawa, DSG ce mai giya 6, wadda ake kira DQ250, kulocinta biyu suna cikin mai. An gina ta ne ta ɗauki tok, wato ƙarfin murɗawar inji, kusan 350 Nm. Injinka yana ba da ƙarfin doki 200 da tok 280 Nm, rimaf matakin farko kan kai shi wajen doki 250, tok kuwa ya kai 350 ko ya haura. Ka ga ratar da kamfani ya bari an cinye ta. Gaskiya mai lafiya tana jurewa, shi ya sa can waje suke yi suna zaune lafiya. Amma namu fa tokumbo ne, wa ya san ainihin tafiyar da suka yi kafin a juya musu mita? Man wannan giya da filtarta ana canza su duk kilomita 60,000, ka tambayi kanka ko an taɓa yi wa taka. Kuma giyar tana da nata biren bos daban. Mai aikin gaskiya yakan gyara nata fayil ɗin ma, ya ƙara matsin da ke riƙe kuloci. In aka bar ta a yadda take, kuloci mai gajiya zai fara zamewa, abin da na gani ke nan lokacin da allura ta haura mota ba ta tafi ba. Kada ka bari a zuba mata man giyar da aka ga dama, nata daban ne.

'Yan uwa masu Golf 1.4 ta Turai mai giya 7 busasshiya, wadda kulocinta ba sa cikin mai, DQ200, ku taku iyakarta 250 Nm ce, ku rufa wa kanku asiri. Masu Accord 1.5 tarbo daga 2018 kuma, in atomatik ce, irin giyar da ake kira CVT ce, bel ne na ƙarfe a ciki, ni ko kyauta aka ce za a yi min ba zan yarda ba.

Ban ce rimaf haramun ba ne. In ka dage, ka sa shi ya karanto asalin fayil ɗinka ya tura maka a wayarka kana tsaye, kafin ya rubuta komai. Ka tambaye shi fayil ɗin na wane mai ne, a wane ma'auni. Bayan ya gama ku hau hanyar Kaduna da rana tsaka, ba da sanyin asuba ba, sikana, na'urar karanta biren bos, a jone, ya nuna maka yadda biren bos ke ja da tartsatsi baya a kowace silinda da zafin iskar da ke shiga inji. In ya ce ba sai an yi wannan ba, ka ɗauki motarka ka tafi. Af, kuma injinmu na waɗannan shekarun yana da ciwon tenshinan tayimin cen, ka sa a duba ko tsohon samfuri ne, wannan ko ba rimaf yana kashe inji. Fulogi da kwayil su ma sukan fara ba da matsala da zarar an ƙara matsin tarbo. Intakula kuma, mai sanyaya iskar tarbo, ka sa a wanke ta bayan hunturu, ƙurar da ke toshe ta ba kaɗan ba ce.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yaran nan da ke sa a cire musu indomi, matatar hayaƙin nan ta cikin salansa, a kuma sa musu fayil mai harbi ta salansa, su zo ɗaurin aure suna firgita tsofaffi da jarirai. Ɗanyen fetur ne ake turawa ya ƙone a bakin tarbo. Kwanaki a Samaru na ga wata mata ta yar da kayanta ta ruga, ta ɗauka bindiga ce, a wannan zamani da kowa ke kwana da ido ɗaya. Iyayensu su yi musu magana mana.

Ka gaya min shekarar motarka da abin da mita ke nunawa, da kuma ko tana ɗan fizga in za ka tashi a gosulon PZ. In tana yi, a fara da giya tukuna. Ina da ƙaramar sikana, ka yi min magana ta gefe mu haɗu ranar Asabar bayan azahar in jona mata mu gani, ba sai ka biya ko sisi ba.