Tambaya da Amsa: Shin Laifi Ne Kirista Ya Taimaki Baƙon Haure?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma wata magana ta raba kan majalisar dattawa. Akwai wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu biyu da suke sujada tare da mu kusan shekara guda, sai kwanan nan muka gano cewa ba su da takardun zama a ƙasar. Wasunmu sun ce duk wanda ya ba su abinci ko masauki ya haɗa hannu da su wajen karya doka, suna kafa hujja da Romawa sura 13, wadda ta umarci biyayya ga hukuma. Wasu kuma sun ce Almasihu ya umarce mu da karɓar baƙo. Wane ɓangare ne yake kan daidai?

Amsa: Dattijo, ina amsawa, Allah ya ƙara maka haƙuri da jama'a. A ganina majalisarku ta cakuɗa tambayoyi biyu ne a wuri ɗaya. Ta farko ita ce yadda ya kamata hukuma ta tsare iyakokinta da wanda za ta bari ya zauna, kuma a kan wannan Kiristoci masu tsoron Allah suna iya samun saɓani ba tare da ɗaya ya zargi ɗaya ba. Ta biyu ita ce abin da ku za ku yi wa waɗannan mutum huɗu da suke zaune kusa da ku ranar Lahadi, kuma a nan Littafi Mai Tsarki bai bar muku sarari mai yawa ba.

Ita kanta kalmar "baƙin haure" tana bukatar kula, domin tana kawo wa mutum hoton wanda ya hauro katanga da dare, alhali da yawa daga cikinsu ta ƙofa suka shigo da biza mai kyau, sai wa'adinta ya ƙare. Wasu kuma yaƙi ko tsanantawa suka gudo wa, kuma Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 ta ce kada a hukunta irin waɗannan saboda shigowa ba da izini ba, muddin daga wurin haɗarin suka fito kai tsaye kuma suka miƙa kansu ga hukuma ba da jinkiri ba. Kun tambayi mutumin nan ko daga wane rukuni yake?

A Littafin Firistoci 19:33-34 an umarci Isra'ilawa su ɗauki baƙon da yake zaune tare da su kamar haifaffen gida, su ƙaunace shi kamar kansu, kuma dalilin da aka ba su shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta sauko da maganar zuwa gona da aljihu: a biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin faɗuwar rana ko da baƙo ne, a kuma bar kalar gona domin baƙo da maraya da gwauruwa. Da wannan kalar ce Rut, mutuniyar Mowab, ta ciyar da kanta da surukarta a gonar Bo'aza, har ta zama kakar kakannin Almasihu. Akwai masana da suke cewa baƙon da ake nufi a nan, wanda Ibraniyanci ke kira ger, shi ne wanda aka yarda masa ya zauna, don haka ayoyin ba su shafi marar takarda ba. Maganar tana da nauyinta, amma tsarin fasfo da biza da muka sani bai bazu a duniya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda haka ɗora shi a kan zamanin Musa yana da wuya. Ko da an yarda da su, Matiyu 25, inda Almasihu ya faɗi waɗanda ya kamata a taimaka wa, ta lissafa mayunwaci da baƙo da marar lafiya har da ɗan kurkuku, wanda mai yiwuwa laifi ya kai shi can, kuma Ubangiji bai gindaya sharaɗin wanke kai kafin a ziyarce shi ba.

Duk da haka, 'yan'uwanka masu riƙe da Romawa 13 ba su yi kuskure ba da suka ce hukuma tana da iko daga wurin Allah. Katakizim ɗin ɗarikar Katolika na 1992, wato littafin koyarwarta, a sakin layi na 2241, ya haɗa ɓangarorin biyu: ƙasashe masu wadata su karɓi baƙo gwargwadon ikonsu, hukuma tana da damar gindaya ƙa'idojin shigowa domin amfanin jama'a, shi kuma baƙo ya girmama dokokin ƙasar da ta karɓe shi. Inda ake zamewa shi ne a tsaya a aya ta 7 ta Romawa 13. A watan Yunin 2018 Babban Lauyan Gwamnatin Amurka na lokacin, Jeff Sessions, ya kafa hujja da wannan sura domin kare tsarin da ya raba yara da iyayensu a kan iyakar Meziko, kuma shugabannin ikilisiyoyi da dama suka yi masa ca, suna tuna masa cewa a aya ta 10 Bulus ya ce ƙauna ba ta cutar da maƙwabci, ita ce cikar shari'a. Ban da haka, surar tana umartar kowane mai bi ya yi biyayya ne, ba ta naɗa dattawan ikilisiya jami'an shige da fice ba.

Akwai Kiristocin da suka zarce nan. A 1982 wata majami'ar Firesbiteriya a birnin Tucson na jihar Arizona ta bayyana a fili cewa za ta ba masu gudun yaƙin El Salbado da Gwatamala mafaka, kuma a 1986 kotu ta samu fastonta, John Fife, da wasu abokan aikinsa da laifi. Hujjarsu ita ce maganar Bitrus a Ayyukan Manzanni 5:29 cewa biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutane. Ni ina ganin wannan mataki ne na inda rai yake cikin haɗari, kuma wanda ya ɗauke shi ya shirya ɗaukar hukuncinsa. Wasiƙarka ba ta nuna lamarinku ya kai haka ba.

Shawarata ita ce kada ku janye musu abinci ko kuɗin magani ko zumunta, kada kuma a nuna yaran da yatsa a makarantar Lahadi, domin ba su suka yanke shawarar tafiyar ba. Batun masauki da ba da aiki kuwa, dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har a wasu wurare ɓoye marar takarda laifi ne, don haka ku haɗa kuɗi ku kai magidancin wurin lauyan da ya san harkar shige da fice, ku ji matsayinsa da naku. Kada kowa ya yi masa takardar jabu, ko auren bogi, ko rantsuwar ƙarya. Ku kuma bincika ko akwai ɗan ikilisiya da yake sa shi aiki a kan rabin lada don ya san ba zai iya kai ƙara ba, domin idan akwai, shi ne ya kamata majalisa ta fara kira. Idan lauya ya ce akwai hanyar neman mafaka ko gyara takardu, ku raka shi ofishin. Idan ya ce babu, ku gaya masa gaskiya, ku tattauna da shi da matarsa a kan komawa gida da kansu kafin a tasa ƙeyarsu, kuma ikilisiya ta taimaka da kuɗin tafiya.