Madubin hangen nesa na jabu, da sauran tambayoyinku

Wata ɗaliba ta rubuto cikin fargaba. Tana son shiga aikin sa-kai na tantance hotunan namun dajin Serengeti ta wayarta, amma tana tsoron ta kira gwanki da sunan kanki ta ɓata wa masana bincikensu.

'Yata, kwantar da hankalinki. Aikin Snapshot Serengeti da ke dandalin intanet na Zooniverse ya faro ne da kyamarori 225 da aka kafa a dajin na Tanzaniya, masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gifta. Ba a barin hoto a hannun mutum ɗaya. Mutane da yawa ne ke duba shi, sannan a ɗauki amsar da ta fi rinjaye, don haka kuskurenki zai nitse cikin amsoshin wasu. Abin da zai gwada haƙurinki daban ne: hotuna da yawa ciyawa ce kawai iska ta kaɗa, babu ko ɓera. Sai kin gaji, kwatsam ki ga hancin jakin dawa ya cika allon waya. Rajista kyauta ce, data kawai za ki saya.

Wani kuma cewa ya yi: "Nawa ake biya a wata?" Malam, sa-kai aka ce. Ko sisi babu. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na takardar shaida, ɗan damfara ne.

Sai wani matashi da ya tara kuɗi zai je Yankari. Ya ga madubin hangen nesa a hannun mai talla, an rubuta 60x a jikinsa, gilashinsa ja wur, wai har da dare yana gani. Ya saya?

Kada ka saya, ɗana. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Lamba ta farko a jikin madubi tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Masu kallon tsuntsaye galibi 8x42 suke riƙewa, wasu 10x42. Da ya wuce sau 10, rawar hannunka ma kusantowa take yi, ka ɗora kan ɓauna ka ga tana tsalle kamar ana girgiza ta. To ina batun sau 60 a abin da ake riƙewa da hannu? Fenti ne kawai a jikin roba. Jan gilashin nan ado ne na jan ido, kuma yana sauya launi, ka kasa bambance tsuntsu mai ruwan toka da mai kore. Ganin dare kuwa, na'ura ce daban mai aiki da batir.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na sayi wani mai ƙyalli, ban yi minti biyar ina kallon shamuwa a kan rimi ba kaina ya fara sarawa, domin bututun biyu ba su daidaita ba, kowane ido da tasa shamuwar. Kafin ka ba da kuɗi, fita da shi waje, ka kalli sandar lantarki mai nisa. In ta rabu biyu, ajiye. Girgiza shi kusa da kunne, in wani abu na motsi a ciki, ajiye. In mai kaya ya hana gwaji, ka yi gaba. Na hannu mai sunan kamfani sananne ya fi sabo fil marar asali. In kuɗin bai kai ba, ka ara, ka kashe naka wajen ɗan jagora, ka kuma je da rani lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Ka riƙe jakarka da kyau a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, birai ba su da kunya.

Mai tambayar ko akwai irin wannan aiki a gida Najeriya: akwai. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar nan tun 2015, kuma 'yan sa-kai ne ke aika sunayen tsuntsayen da suka gani ta manhajar waya. In ka ga ungulu, lallai ka rubuta, don ta yi ƙaranci ƙwarai. Kada ka shiga daji kai kaɗai, ka kuma tambayi mutanen gari halin tsaro kafin ka taka.